Dami Biyu a Saman Murhu

Ɗana na biyu ya dawo daga tafiya da wata kwalba a cikin kwali, ya ajiye min ita a kan tebur a hankali kamar mai kwantar da jariri. Wai wuski ce. Ya sa tabarau yana karanta abin da aka rubuta a jikinta, yana fassara min da Hausarsa ta 'yan Kaduna wadda rabinta Turanci ne. Ya ce da sha'ir aka yi ta, kuma sha'ir ɗin na gona ɗaya ne, ba a gauraya shi da na kowa ba. An jiƙa shi ya yi tsiro, aka busar, aka niƙa, aka dafa a gida ɗaya da ruwan rafi ɗaya. Ya ce, "Momi, masu sani sun ce in kin kurɓa za ki ji ɗanɗanon ƙasar wurin." Ya tsaya yana jira in yi mamaki. Na ce masa to. Ya ɗauka ban gane ba, ya sake ɗauko bayanin daga farko, na bar shi ya gama. Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Sai dai tun daga ranar ƙanshin tsiro bai bar hancina ba, ni da na yi shekaru ban leƙa tukunyar burukutu ba.

Unguwarmu ta Narayi da na buɗe ido na gani ba wannan ba ce. Yanzu daga ƙofar gidana har bakin titi katanga ce ke bin katanga, janareto na amsa wa janareto, wannan coci na gasar lasifika da wancan. A lokacinmu gidaje ƙalilan ne na laka, wasu da rufin ciyawa wasu da kwano, tsakaninsu kuwa gonaki ne zalla. In damina ta yi nisa dawa takan rufe hanya, har mutum ya zo daf da kai ba ka gan shi ba sai ka ji tarinsa. Da jiniyar masaƙa muke sanin lokaci, in iska ta juyo daga Kakuri tana iso mana tar. Sai kukan jirgin ƙasa, sai gurjin dutsen niƙa daga gida zuwa gida, sai aladu masu ihun neman dusa. Mai zuwa Sabon Tasha ko unguwar Television da ƙafa yake tafiya, yana kaɗe raɓa da sanda. Aikin masaƙar nan ne ya fito da babanmu daga ƙauyenmu na kudu. Bai daɗe ba ciwon ƙirji ya ɗauke shi, ya bar ni da Mama da tukwanenta shida.

Burukutu Mama take yi, kuma ba ta ɓoyewa. A coci kujerar baya take zama saboda matan zumunta suna yi mata kallon gefen ido, amma mazajensu duk sun san hanyar gidanmu. Abin da ya raba nata da na sauran mata shi ne ba ta taɓa sayen dawa a kasuwa ba. Da dawar gonarta kaɗai take yi. Wata jar dawa ce mai ƙananan ƙwaya, mai duhu kamar hanta, zangarniyarta tana sunkuyar da kai in ta nuna. Ba ta da auki, tuwonta kuma bauri gare shi, yaro sai da tsawa yake haɗiyewa. Amma a tukunya ba ta da ta biyu. Kakata ce ta ƙulle wa Mama irin a bakin zane ranar da za ta biyo miji Kaduna. Na taɓa tambayar Mama sunan dawar, ta ce, "Sunanta tamu." Gonar kuwa aro ce. Wani tsoho ɗan Gbagyi ne ya nuna mata da sanda, daga gindin ɗorawa zuwa bakin kwari, babu takarda, babu shaida. Kowace kaka tana kai masa dami ɗaya da ƙwaryar farko ta sabuwar giya, shi ke nan. In dawar rumbu ta ƙare kafin sabuwa ta nuna, sai Mama ta kife tukwane. Masu sha su yi ta roƙo, ta ce su je gidan gaba, can ma giya ce.

Aikin kansa in na faɗa wa 'ya'yan yanzu, gajiya suke yi tun ban kai rabi ba. A jiƙa dawa ta kwana a ruwa, a tsame, a baza ta a ƙasan ɗaki mai sanyi a rufe da ganyen ayaba. Safe da yamma ni ke yayyafa ruwa ina juyawa da hannu, kwana uku ko huɗu, sai ka ɗaga ganye ka ga ta fito da fararen saiwoyi sun sarƙe da juna, tana da ɗumi kamar ƙasan kaza mai kwanci. Wannan shi ne tsiro. A shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, daga nan kuma ya mutu, ko a bakin kogi ka shuka shi ba zai fito ba. Sai niƙa a dutse har bayanki ya ƙage, sai damu, sai dafuwar farko, a bari ya yi tsami, sai dafuwa ta biyu mai cin itace da hawayen mutum. A tace, a bari ya huce, a zuba masa ɗan tsohon da aka rage a gindin tukunya, ya fara magana shi kaɗai, fut, fut. Yau inji ake zuwa, a durom ɗin ƙarfe ake dafawa, wasu har sukari suke ƙarawa don ya yi saurin tashi. Ba na zagin kowa. Itace ya yi tsada, kuma ba a sami wanda ya rage da zai iya bambancewa ba.

A lokacinmu akwai mai bambancewa. Baba Dogo tsohon mai gadin masaƙa ne, mutumin Filato, ba mata ba ɗa. Da hantsi yake zuwa ya zauna a kan kifaffen turmi a gindin mangwaronmu. Ba ya sha da gaggawa. Zai karɓi ƙwarya da hannu biyu, ya shinshina, ya kurɓa, ya riƙe a baki ya rufe ido. Can sai ya ce, "Wannan ta gefen ɗorawa ce," ko kuma, "Wannan ta kwari ce, ta sha ruwa da yawa." Na ɗauka cika baki ne irin na tsofaffi, sai na lura Mama ba ta taɓa musa masa ba. Wata rana maƙwabciyarmu ta aiko da nata don a gwada shi, na miƙa masa ban ce komai ba. Kurɓa ɗaya ya yi ya ajiye ƙwaryar a ƙasa ya ce, "'Yata, wannan dawar ta hau mota." Unguwa duk ta ɗauki maganar. Maƙwabciyar nan ta yi wata guda ba ta gaishe mu ba.

Kowace kaka, kafin a kai komai rumbu, Mama takan shiga gona ita kaɗai ta zaɓi zangarniyar da ta fi cika, ta ɗaure dami huɗu na iri, ta ɗora su a kan katakon da ke saman murhu, inda hayaƙi ke hana ƙwari. Da ruwan shuka ya sauka sai ta sauke biyu. Sauran biyun suna nan, sun yi baƙi ƙirin, ba mai taɓa su. Na sha ce mata, "Mama, dawa ta riga ta fito har ta fi ni tsawo, waɗannan me suke jira?" Amsarta ɗaya ce kullum: "Ba a sauke su sai sabuwa ta shiga rumbu, na rufe da hannuna." Ba ta ƙara komai a kai. Ni kuwa budurwa ce mai ji da kanta, hannuna ya fara faɗawa a tukunya, kuma ina ganin tsofaffi suna da tsoron da ba shi da dalili.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa masu farar hula, dawarmu ta yi kyau fiye da kowace shekara da na sani. Damina duk motocin siyasa suna yawo da lasifika, aka yi zaɓe, aka gama, ana jiran ranar miƙa mulki. A cikin wannan daminar ne wasu mutane suka zo da wani ƙarfe mai ƙafa uku suna leƙe ta cikinsa, suka kafa turakun siminti a gefen gona suka tafi. Ba wanda ya yi mana bayani, mu ma ba mu tambaya ba. Mama a jikin ɗaya daga cikin turakun take kankare lakar fartanyarta.

Ana saura kwana goma sha biyu a miƙa mulki aka aiko cewa yayan Mama ya rasu a ƙauye. Kafin ta tafi ta share gindin rumbu, abin da ya fito bai fi na tukunya ɗaya ba. Ta ce in yi wannan in kife tukwane har ta dawo. Kashegari sai ga wani mutumin unguwarmu da jam'iyyarsu ta ci zaɓe, kowa Ciyaman yake ce masa. Ya tsaya a ƙofar madafa yana tattare hannun babbar riga don kada hayaƙi ya taɓa ta.

Ya ce, "Ranar miƙa mulki za mu yi taro a filin makaranta. Na Mamanki nake so, tukunya huɗu."

Na ce, "Mama ba ta nan, ranka ya daɗe, kuma dawa ta ƙare."

Ya ce, "To ke ba 'yarta ba ce? Ko hannun bai bi jini ba?"

Baba Dogo yana kan turminsa, ya yi dariya ya ce, "Ciyaman, in dai ba wadda ta hau mota za a ba mu ba."

Maganar nan ta Ciyaman ta tsaya min a wuya. Na san zan iya zuwa kasuwa in auno dawa kamar kowace mace, amma na san kurɓar farko Baba Dogo zai ajiye ƙwarya a gaban jama'a, sunan da Mama ta yi shekaru tana tsarewa ya zube a ƙasa, kuma a hannuna. Allah ya sani, don in kare sunanta na yi abin da na yi. Na je gona tukuna na duba da idona. Dawa tana tsaye daga ɗorawa har kwari, ta fitar da kai, kowace zangarniya cike, tsuntsaye sun fara shawagi. Wata ɗaya ya rage a yanke. Na ce a raina, ga iri nan gona guda, me dami biyu za su ƙara? Na dawo na hau kan turmi na sauke su. Na sussuke a tsakar gida, hannuwana suka yi baƙi har gwiwa, kaji suka tsince abin da ya fantsama. Na hau na share katakon tas don kada ya nuna, da niyyar in an yi kaka in mayar da huɗu sababbi tun Mama ba ta ɗaga kai ba.

Ban taɓa ganin tsiro irin wannan ba. Kwana biyu kacal ya tashi, babu ƙwaya ɗaya da ta ƙi. Dole, ai zaɓaɓɓiya ce, ita aka ajiye don ta fito. Na shanya ta a rana da hannuna har ta bushe.

Ranar taron aka sa rediyo a kan tebur a tsakiyar fili, aka ji an rantsar da sababbin masu mulki, mata suka yi guɗa, aka buga ganga. Tukwane huɗu ba su kai la'asar ba. Ni da na dafa ko kurɓa ban samu ba, ina ta zubawa. Baba Dogo ya riƙe tasa a baki ya daɗe ido rufe, ya fi yadda ya saba. Da ya buɗe ya ce, "Wannan ba ta ɗorawa ba ce, ba ta kwari ba. Gonar ce gaba ɗaya a ciki." Ya dube ni ya daɗe, kamar zai yi tambaya, sai ya fasa. Ciyaman ya ɗaga hannuna a gaban mutane ya ce hannu ya bi jini. Na koma gida kaina ya kumbura, ina shirya yadda zan ba Mama labari.

Kwana huɗu bayan haka, da safe ina wanke tukwane, na ji wata ƙara da ban saba da ita ba daga wajen gona. Katafila ce. Kafin in isa ta ci kusan rabi. Akwai wani mutum mai farar shat riƙe da takarda, ya yi min magana da ladabi, ban ce ya zage ni ba. Ya ce tun sojoji suna nan aka ba shi filin, kuma yana so ya sa harsashin gini da wuri kafin sababbin masu mulki su sake rabo. Na durƙusa na ce ya ba mu mako uku kawai, dawa ta nuna. Ya ce, "Yi haƙuri, 'yan mata, na yau aka ɗauko min katafilar, gobe tana wani wuri." Tsohon nan ɗan Gbagyi yana tsaye a gindin ɗorawa, hannuwansa a baya. Na je gare shi, ya ce, "Ni ma ba a tambaye ni ba." Na bi bayan katafila ina tsintar zangarniya daga cikin laka, na cika zanena, maƙwabta suka taya ni. In na matsa ƙwayar da farce sai farin ruwa ya fito kamar nono. Na shanya ta kwana da kwanaki, ta motse ta koma ƙaiƙayi.

Mama ta dawo da rana tsaka, kuma ta hanyar gona ta biyo, don haka ta riga ta gani. Ta shigo da ƙunshinta a ka, ƙafafunta duk jar ƙasa. Ba ta yi kuka ba. Ta sauke kaya ta sha ruwa, ta ga yadda nake tsaye sai ta ce, "Ke, daina wannan fuskar. Ƙasa ba ta ƙare ba, za a sami mai ba mu aro. Ai muna da iri." Ta tashi ta shiga madafa. Ina jin takunta har ya tsaya. Ta daɗe a ciki, ban san ko minti nawa ba, ina kallon wata kaza tana tonon gindin mangwaro. Da ta fito ta zauna a kan turmin Baba Dogo.

Ta ce, "Sun sha?"

Na ce, "Sun sha."

"Ya yi kyau?"

Na ce, "Baba Dogo ya ce bai taɓa shan kamarsa ba."

Ta ce, "To."

Sai ta ce in kawo mata ruwa ta wanke ƙafa. Na kawo. Da ta ɗauki muciya ta farfasa min jiki da na samu sauƙi, amma ba ta yi ba, ranar ko wata rana.

Da rani ta koma ƙauye neman iri. Kakata ta daɗe da rasuwa, mutanen kuma tun da takin zamani ya zo kowa ya koma masara. Ta bi ƙauyuka uku ko huɗu, ta dawo da ƙulle-ƙulle na jar dawa kala-kala. Ta zauna a tsakar gida tana kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta ciza ƙwaya, ta tofar, ta ture wa kaji. Da ruwan shuka ya sauka na gan ta a bayan ɗaki ta cika fasasshiyar tukunya da ƙasa. Ta shuka motsattsiyar ƙwayar da na tsinto a bayan katafila, har da ɗan ragowar busasshen tsiro da ta kakkaɓo daga tabarmar shanya. Ita ta koya min cewa tsiron da ya bushe ba ya fitowa. Duk da haka safe da yamma tana zuba ruwa, in ba ta nan ni nake zubawa. Ba mu taɓa yin maganar ba. Ciyawa ce kawai ta fito, ita ma mun bar ta ta girma sai da muka tabbatar ciyawa ce.

Ciki ba ya jira, don haka Mama ta fara zuwa kasuwa auno dawa kamar kowa. Ranar da aka sauke tukunyar farko Baba Dogo ya zo da hantsi yadda ya saba, ni na miƙa masa. Ina jira ya ajiye ƙwaryar ya faɗi maganarsa. Ya shanye tas, ido buɗe, ya ce a ƙara masa. Daga ranar har ya rasu bai sake rufe ido a kan ƙwarya ba, bai sake cewa komai game da dawa ba. Mama ta yi shekaru bayan haka, ta ga aurena, ta goyi 'ya'yana. Katakon saman murhu kuwa ba ta sake ɗora komai a kai ba, ko kuka ko daddawa.

Ɗana ya zuba min wuskin nan kaɗan a kofin gilashi. Na kurɓa, na riƙe a baki. Hayaƙi na ji da zafi. Ya ce, "Momi, kin ji ƙasar?" Na ce ban san ƙasarsu ba, yaya zan gane ta. Na tambaye shi ko mutanen nan suna ajiye iri. Ya jujjuya kwalbar ya duba kwalin, ya ce ba a rubuta ba.

Inda gonarmu take yanzu gidaje ne jere, an sare ɗorawar, an cike kwarin. Amma ranar katafila tsuntsaye sun yi yawa a wurin, kaji kuma sun ci abin da suka ci a tsakar gidanmu, kuma dawa takan fito inda ba wanda ya shuka ta. Shi ya sa duk damina in ina cikin Keke na hango karan dawa a gindin katanga ko bakin kwata, sai na ce wa mai Keken ya tsaya. Sun san ni, wasu ma ba sai na faɗa ba. Nakan jira ta nuna, in koma in ciza ƙwayar. Kullum fara ce, ko ta abincin kaji da wani ya zubar. Bana akwai ɗaya a bayan wani gida mai shuɗin get, daidai inda nake jin bakin kwarin yake a da. Ta fara fitar da kai. Na roƙi mai gadin gidan kada ya cire ta, ya ce to, Mama. Na san fara ce. Ran Laraba zan koma.